Tukunya Biyu a Bakin Sanaga

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Nuwamba na 1993, da hantsi, ina tsaye a kan wani baƙin dutse mai santsi a garin Edeya, takalman kakata a hannuna na dama, jakarta a na hagu, bakina a buɗe kamar wadda likita ya ce ta nuna masa maƙogwaro. A gabana kogin Sanaga yake zubowa daga saman duwatsu, fari fat, da rugugin da nake ji har cikin haƙarƙarina, feshinsa yana jiƙa mini gira. Amma kallon ruwan bai daɗe a idona ba, don kakata ta ƙwace shi. Hajiya Hajara, matar da duk layinmu a New Bell, can Duwala, aka shaida ba a jin muryarta daga zaure, ita ce ta tattare zane zuwa gwiwa, ta taka cikin ruwa, ta ɗaga hannu tana ƙwala wa wata tsohuwa kira da wani yare da ban taɓa ji a bakinta ba. Tsohuwar ta juyo a hankali, ta kare rana da tafin hannu, ta kira ta da sunan da ba nata ba. Ta ce, "Madalen." Kakata kuwa ta amsa.

Shekarata goma a lokacin, kuma ina ganin babu abin da ban sani ba game da Kaka. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai ya ce Uwani, ita kuma ta ce Takwara. A ɗakinta nake kwana, a gidanmu na katako da rufin kwano da ke unguwar Hausawa, gidan da in ruwan Duwala ya tsuge na kwana uku sai mu ɗora katifu a kan benci mu zauna muna kallon silifa suna yawo a tsakar gida. Ni ke ɗebo mata ruwan alwala daga famfon bakin layi, inda muke jera bokitai tun asuba muna faɗa a kan wa ya riga wa. Ni ke daka mata goro a ɗan turminta tunda haƙoranta suka fara yi mata gardama. In na dawo daga lekol, wato makaranta, na yi shara, na wanke kwanuka, sai in zauna a ƙofarta muna 'yar carafke da 'yan'uwana mata, tana jan carbi tana lura da wadda take maguɗi. Hausarta ta fi ta kowa tsabta a gidan, ba ta surka ta da Faransanci irin namu, kuma duk wata doka ta gidanmu daga bakinta take fita. Babbar dokar, wadda aka fi nanata mana fiye da karatun allo, ita ce ta ci. "Takwara," in ji ta, "ko yunwa za ta kashe ki, kada ki sa hannu a tukunyar gidan da ba a salla. Ba ki san abin da ta dafa jiya ba."

Ni kuwa da ma ga ni da iyayi, sai na ɗauki dokar nan na ɗora a ka kamar kambun sarauta. A lekol, lokacin tara, yara kan zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro kowa ya buɗe ƙunshinsa, ana musayar loma. Ƙawata Odil, wadda muke benci ɗaya kuma take ara mini magogin allo kullum, ta sha miƙo mini miyondo, wato tuwon rogon nan siriri da ake naɗewa a ganye, ni kuma in ɗaga hanci in ce mun gode, mu ba ma ci. Ba na ma tsayawa a nan, sai na bi sauran 'yan unguwarmu da ido, in na ga wata ta karɓa in kai rahoto gida kafin ta iso. An yi wa yara da yawa bulala ta dalilina. Da yake ni ce ta ɗaya a aji, kuma Faransancina yana fita tar, malamai suna sona, iyaye suna misali da ni, sai kaina ya yi girman da ƙofar ɗakin Kaka ta kusa yi mini kaɗan.

Shekarun nan kuwa ba shekarun ɗaga hanci ba ne. Kowa a Duwala kalma ɗaya ce a bakinsa, kiriz, wato matsin da ya sauko wa ƙasa. Mun riga mun ga watannin da aka rufe gari, babu taksi, babu kasuwa sai ƙarshen mako, hayaƙin taya yana tashi a mahaɗar hanyoyi. Muna cewa an wuce wurin, sai kamfanin sabulun da Baba yake aikin buro, wato ofis, a cikinsa, can unguwar masana'antu, ya rage ma'aikata, sunansa ya fito. Mutumin da ya saba fita da riga mai guga da biro biyu a aljihu ya koma zaman benci a ƙofar masallaci. Innarmu ta fara soya makala, wato fanke, a bakin layi, amma duk layin kowa soyawa yake, wa zai sayi na wani? Shayin safe ya rasa madara, daga baya ya rasa burodi. Tuwon rana ya koma na la'asar, don ya haɗe da na dare. Na ga ƙanena Sani yana kankare ƙanzo da cokali har tukunya tana ƙara, na ga Kaka ta juya fuska bango. Kwana biyu bayan haka ta ce wa Baba, a gaban kowa, wai tunda takwararta ta sake zuwa ta ɗaya, za ta kai ta Edeya ganin mafaɗar ruwa. Baba ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Hajiya." Maƙwabta suka yi ta ƙus-ƙus, wai gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu shi ne da yawon buɗe ido.

Abin da ban sani ba, wanda manyan gidan suka sani suka binne, shi ne Kaka 'yar Edeya ce, 'yar ƙabilar Bakoko, kuma a coci aka raɗa mata suna. Kakana mahauci ne, yana bin jirgin ƙasa da nama, a tashar garin ya gan ta tana sayar da kifi. Ta musulunta, ta bi shi Duwala, ta koyi Hausa har ta fi masu ita, kuma a unguwa irin tamu in mace ta shigo ta zauna lafiya ba a sake tayar da zancen inda ta fito, kara ce. Sau ɗaya ta koma gida, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu. Ta je da tukunyarta da kwanonta a cikin kaya, ta hura wutarta daban a bayan ɗaki, kwana uku ba ta ɗanɗana abin da aka dafa a gidan makokin ba. Yayarta Marta, wadda ta goye ta tana jaririya, ta ɗauko tsohuwar tukunyar uwarsu ta dire a gabanta ta ce ta ci ko loma ɗaya ce. Kaka ta ƙi. Marta ta ce, wadda take ƙyamar tukunyar da ta raine ta ba ta da uwa a gidan nan, kuma ƙafarta kada ta sake taka ƙofar. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ko gaisuwa. Yanzu ga yunwa ta shigo gidan ɗanta, ga Marta da gonakin rogo da makabo, wato gwaza, da suka gada tare, ga tsufa ya kama su duka biyu. Kaka ta aika saƙo ta bakin wata mai kawo miyondo kasuwa, amsa ta dawo gajeriya: ta zo bakin ruwa, inda suke wanki suna yara, ban da gida. Wato tafiyar nan tamu ta neman gafara ce, kuma abincin gidanmu yana rataye da ita. Ni aka ɗauka don a rufe bakin unguwa, wataƙila kuma don ganin jika ya sanyaya zuciya. Babu wanda ya ce mini uffan.

Mun fita da sassafe, na sha atamfar sallar bara da ta fara ɗage mini. Muka hau taksi zuwa tashar mota ta Ndokoti, daga nan muka shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar kifin gwangwani, ni a cinyar Kaka, wani mutum da kaji biyu a gefenmu. Muka ratsa unguwar Vilaj da rumfunanta, gari ya fara sirancewa, sai ga daji kore shar da gonakin kwakwar manja layi-layi har iyakar gani. Ban taɓa fita Duwala ba, don haka komai sai na tambaya, Kaka kuwa ba ta amsawa. Sau uku tana taɓa kafaɗata tana cewa, "Takwara, in mun je…" sai ta koma jan carbi. Na ɗauka gargaɗin santsin dutse za ta yi mini, har na ce mata ai ni ba yarinya ba ce. Yanzu na gane so take ta warware abin da ta shekara goma tana ɗaura mini, bakinta ya kasa. Da wane ido za ta dubi jikarta ta ce dokar nan tawa yau a ajiye ta? Jandarmomi sun tsayar da mu sau biyu, direba ya sauka ya dawo yana ƙunƙuni, muka ci gaba.

Edeya ƙaramin gari ne in an gwada shi da Duwala, amma tsoho ne, kuma tsufansa a fili yake. Ga gidajen Turawan da masu dogayen baranda da gansakuka ta cinye, ga tashar jirgi, ga wata gadar ƙarfe mai baka kamar ta maharbi, wadda wani fasinja ya ce tun zamanin Jamus take nan. Na fara jin mamaki tun daga tasha, don Kaka ba ta tambayi kowa hanya ba. Matar da a Duwala ko kasuwa sai an raka ta, ita ce ta shige gaba, ta bi bayan wani coci, ta kurɗa ta tsakanin gidaje, ta kama wata siririyar hanya cikin ayaba, ina binta da gudu-gudu. Tun ba mu ga komai ba na fara jin wani gurnani kamar manyan motoci sun yi jerin gwano, ƙasa tana ɗan rawa a tafin ƙafata. Da muka fito daga cikin ganyen sai na tsaya cik. Ni da iyakar ruwan da na sani shi ne na lambatu da na famfo da kogin Wuri na Duwala mai kwance kamar tabarma, sai ga kogi guda yana faɗowa a tsaye, yana daka duwatsu, hayaƙin ruwa yana tashi, bakan gizo a tsakiyarsa da hantsin nan. Na ce "La'ilaha illallahu" da ƙarfi, ban ji muryata ba. A nan ne Kaka ta tuɓe takalma ta miƙo mini, ta shiga ruwa, ta yi kiran nan.

Tsohuwar tana zaune a wani faffaɗan dutse daga gefe, inda ruwan ya lafa. Da muka matsa sai na ga fuskar Kaka ce sak, hancin, goshin, har yadda take tauna leɓe, sai dai ta fi ta baƙi da ƙashi, kanta da ɗan ƙyalle, ga ƙaramin gicciye na katako a wuyanta. Ba ta tashi ba. Kaka ta durƙusa a gabanta cikin jiƙaƙƙen zane, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wani mahaluki ba, ta yi ta magana cikin yaren nan, kalmomin suna fita da gudu kamar an fasa tulu. Tsohuwar tana sauraro, idonta a kan ruwa. Can ta nuna ni da haɓa. Kaka ta juyo, idonta jajur, ta ce mini da Hausa, "Gaishe ta. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Na durƙusa na gaishe ta da Faransanci, amma kaina juyawa yake. Yayar Kaka da gicciye? Ashe sunan da nake taƙama na gada, suna na biyu ne? Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, haushin an mai da ni sakarya, har da wani tsoro na kada 'yan layinmu su ji, musamman waɗanda na sa aka zane.

Marta ta jawo wani kwando daga bayanta ta buɗe. Tukunya biyu ne a ciki. Ɗaya sabuwa dal ta alminiyom, tana ƙyalli, ko baƙin wuta bai gama kama gindinta ba. Ɗayar tsohuwa ce ta ƙarfe, baƙa ƙirin, hannunta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Ta tura sabuwar gabanmu da damin miyondo, ta ja tsohuwar gabanta. Da ta ɗaga murfi sai ƙamshi ya bugi hancina, cikina da bai ga komai ba tun ruwan shayi ya yi kuka. Amma miyar baƙa ce wuluk kamar an dama gawayi, da gutsattsarin wani abu a ciki. Mbongo ce, miyar mutanen wurin, baƙinta na ƙonannen kayan ƙamshi ne, abin cikin kuma kifin Sanaga ne, amma a ranar ban san haka ba. Tsohuwar ta dube ni, karo na farko fuskarta ta ɗan saki, ta ce da Faransancinta na kasuwa, "Mange, ma fille." Wato in ci, 'yata.

Da na yi shiru, da ya wadatar. Da na ce na ƙoshi, da an wuce wurin. Amma ina, ga 'yar farko a aji, ga dama ta samu in nuna wa Kaka tarbiyyarta ba ta faɗi ƙasa ba, in kuma nuna wa kaina cewa duk abin da na gani yau bai canza ko ni wace ce ba. Na gyara tsayuwa, na haɗa hannu a baya kamar mai karanta hadda, na ɗaga murya don ta rinjayi ruwan, na ce, "Merci, Maman. Nous, on ne mange pas dans vos marmites." Mun gode, mu ba ma ci a tukwanenku. Sai na ga kamar bayanin bai cika ba, na ƙara da cewa tukwanen ba su da tsarki, kuma kakata ce ta faɗa, kullum ma tana faɗa. Na juya ina duban Kaka ina jiran yabo.

Har yau in na rufe ido ina ganin fuskar Kaka a lokacin. Jinin ya janye daga cikinta. Marta kuwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Murmushin nan da ya fara fitowa ya koma inda ya fito. Ta ɗauki murfi ta rufe sabuwar tukunyar a hankali, ta karkatar da ita gefe kaɗan yadda za mu ga takardar kanti da ke manne a jikinta, ta ce wata gajeriyar magana cikin yarensu. Shekaru bayan haka Kaka ta fassara mini: "Jiya na sayo ta saboda ke. Ashe har jikoki kika koya wa." Ta fara mai da kaya cikin kwando, ta dafa gwiwa za ta tashi. A nan jikina ya ba ni cewa na yi ɓarna, ko da yake ban san girmanta ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Na runtse ido ina jiran mari, don a gidanmu ɗan kuka da ya jawo wa uwarsa jifa ba ya kwana bai ji a jikinsa ba.

Marin bai zo ba. Da na buɗe ido sai na ga Kaka ta riƙe bakin kwandon da hannu biyu. Ta ce da Hausa, ba tare da ta dube ni ba, "Ba laifinki ba ne, Takwara. Ni na shuka." Ta maimaita da yarensu. Sannan ta miƙa hannu cikin kogin ta wanke, ta tsallake sabuwar tukunyar kamar ba ta gan ta ba, ta jawo tsohuwar, mai hannun waya, ta buɗe. Ta ɓare miyondo, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda duk muka ji, ta tsoma cikin baƙar miyar ta kai baki. Na ƙwalla ƙara na ce, "Kaka!" Ko gezau. Ta sake tsomawa, ta sake, hawaye yana gangarowa yana haɗuwa da miya a haɓarta, tana ci kamar wadda ta shekara talatin da ɗaya da yunwa. Tukunyar uwarsu ce, ita ce dai wadda aka dire mata a gidan makoki. Kifi ɗaya Marta ta raba biyu, rabi a sabuwa don baƙi, rabi a tsohuwa don kanta, ta zo da shirin kowa ya ci nasa daban. Marta ta tsaya rabi a tsaye rabi a zaune tana kallonta. Can sai ta koma ta zauna daɓas, ta kai wa Kaka duka a kafaɗa, duka na gaske, ta sake kai mata, sannan ta rungume wuyanta suka fashe da kuka, tsofaffi biyu a kan dutse, ruwa yana ta ruguginsa.

Da suka nitsa suka ci gaba da ci a tukunya ɗaya, suna magana suna dariya suna share hanci, ni kuwa ina tsugune can gefe na rungume takalma. Sai Marta ta gutsuri miyondo, ta zaɓi tsoka mai kyau ta cire ƙaya da yatsunta, ta dangwala, ta miƙo mini har saitin bakina. Wallahi ina son in karɓa. Yunwa nake ji, ƙyamar ma ta gudu, amma kunya ta rufe ni, na kasa buɗe baki, na kasa cewa ta yi haƙuri, sai na cusa fuska cikin gwiwa na yi ta gunji. Na ji hannun ya daɗe a wurin. Da na ɗago, ta riga ta sa lomar a bakin Kaka, tana shafa mini kai da bayan hannu don cikinsa da miya.

A ranar Kaka ta taka ƙofar gidansu. Ta yi azahar a ɗakin uwarta, Marta da kanta ta shimfiɗa mata sabon zane ta kore jikokinta daga ƙofa. Da la'asar wasu samari suka rako mu tasha da buhun makabo da na garin rogo da galan na manja, aka ɗaure a saman mota. Daga nan kusan duk wata sai kaya sun iso, har Allah ya sa Baba ya samu aikin rubuta kaya a wani garejin manyan motoci. Maƙwabta suka tambaye ni yaya ruwa, na ce ruwa da kyau. Ban sake kai rahoton kowa ba daga ranar, kuma ranar Litinin da Odil ta buɗe ƙunshinta ni na fara miƙa hannu, har ta tsorata ta ce ko ba ni da lafiya. Da Baba ya tambayi malamin masallacinmu, malam ya ce in abin da aka dafa halal ne, tukunya kuma wankakkiya, babu laifi, tun da can ma tsananin na mutane ne. Kaka ta ji ta ce, "Da na sani ƙeya ce." Ta yi mini alkawarin za mu koma tare da dogon hutu, na shirya jawabina na ban haƙuri, na haddace shi da Faransanci, har na sa ta koya mini kalma biyu ta yarensu. Kafin hutun ya zo, da farkon damina, mai miyondo ta kawo saƙon Marta ta rasu. Kaka ta tafi makoki ita kaɗai, kuma wannan karon ba ta ɗauki tukunya ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Makepe, nan Duwala, gidan bulo, famfo a cikin ɗaki, ruwan sama ba ya shigo mana. 'Ya'yana suna zuwa lekol a mota, suna cin abinci a gidajen abokansu ba tare da sun tambayi kowa ba, kuma sun san suna da dangi a Edeya, muna zuwa musu suna, suna zuwa mana salla. Kaka ta daɗe da bin yayarta. In aiki ya kai ni Yawunde nakan ce direba ya rage gudu a kan gada, in leƙa Sanaga. Sau biyu na sauka na nemi dutsen nan, ban tabbata na gane shi ba, ruwan ma kamar ya ragu, ko kuwa ni ce na girma. Na koyi dafa mbongo a wurin jikar Marta, har ana yaba hannuna, na kuma ci ta a gidaje da yawa, ta biki da ta makoki. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa ina jin daɗin bana, alhamdu lillahi. Loma ɗaya ce kawai take tsaya mini a rai, wadda aka cire wa ƙaya aka riƙe a bakina ana jira. Har yau ban san ɗanɗanon miyar Marta ba.